Wayar Kwali ta Iya Tasalla

Ku gyara zama, ku kuma kife wayoyin nan da ke hannunku. Labarin da zan ba ku na waya ne, amma kunne yake so, domin idan na kai ƙarshe ku ne alƙalai.

A Malumfashi akwai wata tsohuwa, Iya Tasalla, wadda tun tana amarya burinta ɗaya ne a duniya, ta ga Ka'aba da idonta. Shekaru suka yi ta tafiya har idon ya fara hazo, sannan Allah ya hore wa ɗanta na fari, Malam Isiyaku, ya biya mata kujera. Kujerar ɗaya ce, don haka aka shirya za ta bi ayarin matan unguwa, a hannun maƙwabciyarsu Hajiya Laraba wadda ta taɓa zuwa. Ranar da aka gaya mata, Iya ta rangaɗa guɗar da aka ji ta har bakin titi.

Sai dai Iya tana da hali guda, wato ɓata. Ba ta karatu, ba ta tambayar hanya, kuma idan ta rikice sai ta ƙara sauri. An taɓa zuwa biki da ita Kano, ta fita neman ruwan alwala, sai da la'asar aka tsinto ta a wata unguwa tana taya mutanen da ba ta sani ba tankaɗe. Da tafiya ta matso, Malam Isiyaku ya riƙa jin labarin tantunan Mina, farare iri ɗaya ba iyaka, da cunkoson wurin jifa, sai zuciyarsa ta karaya. Ya je ya durƙusa ya ce ko dai a ɗaga tafiyar zuwa baɗi, ya samu ya raka ta da kansa. Iya ba ta dube shi ba, don ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa. Bango ta juya ta yi wa magana.

"A gaya masa ni ban ajiye baɗi a ɗaki ba."

Amma da ta shige ɗaki kuka ta yi, domin ta san idan ya dage ba za ta iya yi masa musu ba.

To, Malam Isiyaku yana da 'ya'ya uku da suka kawo ƙarfi: Lurwanu, da Barira, da Mudassir. Lurwanu, babbansu, sana'arsa rubuta manhajar waya, kuma tun ranar da aka biya kujera yake ta gina wa kakarsa wata manhaja a ɓoye. Su ukun suka je suka roƙi ubansu: idan Iya ta iya kiran taimako da waya, ita kaɗai, a gabansa, kafin a kira alhazai sansani, zai bar ta ta tafi? Ya ce ya yarda, don a ransa ya san ba za ta iya ba.

Lurwanu ya kawo aikinsa yana ta washe baki. Abin da bai zuba a ciki ba sai wanda ya manta: taswirar Makka da Mina, lokutan salla, addu'o'in ɗawafi, fassarar Larabci, har da yanayin zafin gari. Iya ta karɓi wayar da hannu biyu kamar an miƙa mata jariri, ta ce, "Madalla, mai gidana, Allah ya yi albarka." Ya tambaye ta ko ta gane. Ta ce sarai. Yana fita ta naɗe ta a tsumma ta tura ƙarƙashin matashi. Ko alif ba ta gane ba, amma ta ga yadda yaron ya rame a kan aikin, kuma wayar mai tsada ce. Ta yaya za ta kushe, ta yaya kuma za ta latsa ta ɓata?

Barira ce ta fara gano inda matsalar take. Ita aikinta tsara fuskar manhaja, wato abin da ido zai gani da inda yatsa zai taɓa, kuma ta san mutanenmu da kara: ka kawo musu abu gamamme mai sheƙi, sai su yabe ka su ajiye. Sai ta ɗauko kwalin taliya, ta yanka shi daidai girman waya, ta yanka takardu da yawa, ta zana hoton maɓallai a kan kowace. Ta zauna a tabarmar Iya ta ce, "Ƙawata, yau ni ce wayar. Ki taɓa duk inda kika ga dama, ni zan yi abin da waya za ta yi." Iya ta taɓa wani zane, Barira ta zare takardar ta ɗora wata, tana yin ƙarar waya da baki. Iya ta yi dariya har da hawaye. Da yake kwali ne, ba ya lalacewa kuma ba gumin kowa a kansa, sai bakin tsohuwa ya buɗe. Ta ce waɗannan tsutsotsin rubutun na mene ne? Wannan ɗan gidan da aka zana gidan wa ne? Duk wadda ta kushe, Barira ta yaga ta zana wata nan take. Kafin a kira magariba tsakar ɗaki ta cika da yagaggun takardu, abin da ya rage a kan kwalin kuwa abu ɗaya ne tak: fuskar Hajiya Laraba, ƙatuwa, wadda idan aka taɓa ta za a zo. Iya ta ce, "Yauwa. Wannan na san ta." Ta kuma ce ita a yi mata magana da baki, kada a rubuta mata.

Da Barira ta kai wa Lurwanu kwalin, ya daɗe yana kallonsa. Aikin watanni ne ake ce masa ya zubar saboda kwalin taliya, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Na san maza da yawa da za su ce tsohuwar ce ba ta waye ba. Shi kuwa ya haɗiye, ya ajiye taswirarsa da fassararsa gefe, ya kama sabon aiki da wata dabara: ba zai ƙara gina abu ya gama kafin Iya ta taɓa shi ba. Da farko hoton fuskar kawai ya sa a waya, ana taɓawa ta yi ƙara, ba ta aika komai ko'ina. Da ya ga yatsan Iya ya saba, sai ya sa ta fara aika wa wayar Hajiya Laraba daidai wurin da Iya take tsaye. Kowane samfuri mummuna ne, ba ado ba kwalliya, kuma da safe idan aka ce masa bai yi ba, kafin azahar ya kawo wani. Akwai kuma abin da ba wanda ya gaya masa, shi ya zauna ya hango: wurin da dubun dubatar mutane suka taru kowa da waya, intanet na iya tsayawa cik. Don haka ya sa saƙon ya riƙa tafiya ta hanyar ɗan gajeren saƙon waya na da, ya kuma ajiye taswira a cikin wayar Hajiya Laraba wadda za ta buɗe ko babu intanet.

Mudassir shi ba ya zane, ba ya rubuta manhaja, kayan babur yake sayarwa, kuma tun yana ƙarami shi ne mai tsokanar Iya. Ya dubi 'yan'uwansa suna murna a tsakar gida ya ce ai ba a ɗaki za ta ɓata ba. Ranar kasuwa ya goya ta a babur, ya kai ta tsakiyar 'yan hatsi, ya ce ta jira shi zai sayo goro, ya zagaya ya laɓe bayan buhunan masara. Bai taimaka mata ba, bai yi tari ba, kallo kawai yake yi, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne ga mai ganin kakarsa tana waige-waige. Ya ga ta ɗaure wayar a haɓar zane da ƙullin da sai da ta sa haƙori kafin ya kwance. Ya ga a cikin rana fuskar Hajiya Laraba ta ɓace mata gaba ɗaya. Ya ga yatsanta ya bushe da ƙura, tana taɓawa gilashin bai san ana yi ba. Ya kwaso duk wannan ya kawo gida, aka ɗinka wa wayar jaka ta ratayawa a wuya, Barira ta sake zana fuskar manhajar, Lurwanu ya mayar da kiran kan maɓallin gefe, wanda za ta matse ko ba ta duba ba. Kasuwa ta gaba ya sake yar da ita, wannan karon a 'yan tumaki. Ta matse, saƙo ya tafi daidai. Amma kafin a zo inda saƙon ya nuna, Iya ta kai 'yan tukwane. Mudassir ya dawo ya ce, "Kiran yana zuwa, mai kiran ce ba ta zama."

Sai aka ce to wayar ta yi mata magana, ta ce ta tsaya. Aka naɗi muryar Lurwanu. Iya tana ji ta ce wa wayar, "Kai ɗin wa? Ni na yi maka wanka kana jariri," ta ci gaba da tafiyarta. Aka naɗi muryar Malam Isiyaku. Tana jin muryar ɗan fari ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ƙara sauri don kunya. Su ukun suka yi ta dariya har suka gaji, sannan suka zauna suna lissafin wanda Iya ba ta taɓa yi wa musu ba a duniya. Aka je Islamiyyar matan aure aka roƙi Malama Zulai, wadda take koya wa su Iya karatun salla. Da aka koma kasuwa Iya ta matse maɓalli, sai ta ji, "Tasalla, zauna nan inda kike, ana zuwa." Ta ce, "To, Malama," ta zauna daram a kan buhun wani mai gero.

A kan buhun nan Malam Isiyaku ya same ta, don ranar da shi aka zo, wayar Hajiya Laraba tana hannunsa tana nuna masa hanya. Ya tsaya yana kallon uwarsa, idonsa ya kawo ruwa. Ya juya wajen 'ya'yansa ya ce, "Ku je ku sayo mata jakar tafiya."

Iya ta tafi. Kuma abin da ake tsoro ya faru. Da hantsi, ana dawowa daga jifa, taro ya turo, hannunta ya suɓuce daga na Hajiya Laraba. Ta waiga, fararen tantuna gabas da yamma, fuskoki na kowace ƙasa, ba wanda ta sani. Ƙafarta ta fara saurin nan nata. Sai hannunta ya kai kan jakar wuya, ta matse. Intanet a ranar ko motsi ba ya yi, amma ɗan gajeren saƙon ya fita. Muryar Malama Zulai ta ce ta zauna, ta samu inuwa a gefen hanya ta zauna. Da Hajiya Laraba ta iso a firgice tana haki, ta tarar da Iya tana cin dabino da wata tsohuwa 'yar Indonesiya, suna ta hira kowa da yarensa.

Ranar da ta dawo gida, unguwa ta cika, yara suna ta rige-rigen tsaraba, ana ta Hajiya Tasalla, Hajiya Tasalla, ita kuwa bakinta ya ƙi rufuwa. Da ta ba da labarin Mina, Malam Isiyaku ya rasa inda zai sa kansa don godiya. Nan take ya yi alkawari a gaban jama'a: idan Allah ya hore, azumi mai zuwa za ta koma Umra, kuma ta zaɓi ɗaya cikin jikokin nan uku ya raka ta. Ƙarfinsa bai kai na biyu ba.

Hajiya ta dubi Barira, ta tuna ba don kwalinta ba da wayar tana nan ƙarƙashin matashi, ita kuma tana gida tana jiran baɗi. Ta dubi Lurwanu, ta tuna kwali ba ya aika saƙo, kuma shi ne ya zubar da wahalarsa bai yi fushi ba, shi ne kuma ya hango ranar da intanet zai tsaya. Ta dubi Mudassir yana mata gwalo, ta tuna ba don ya daure ya yi ta yar da ita a kasuwa ba, da ta matse maɓallin ta ci gaba da tafiya, wa ya san inda za a tsinto ta. A ƙarshe ta juya wajen bango ta ce a gaya masa ya ba ta lokaci.

Azumi kuwa ya kusa, kuma har yanzu ba ta zaɓa ba. To, ku da kuka ji komai, a cikin Barira da Lurwanu da Mudassir, wa ya fi cancanta ya ɗauki jakar Hajiya Tasalla zuwa Makka?