Faifai Biyu da Waƙar Casilda

Akwai wani mai gyaran kwamfuta a El Alto, wani gari mai sanyi a kan tsauni, sunansa Remberto Apaza. Ya iya aiki, ba ƙarya, sai dai jin kansa ya fi iyawarsa yawa. Shi ke kula da injinan wani ƙaramin gidan rediyon unguwa.

Dukiyar gidan nan muryoyi ce. Shekara da shekaru ana ɗaukar muryoyin tsofaffi a kaset suna waƙa da ba da labari da harshensu na Aymara. A ciki akwai waƙar haƙar dankali ta marigayiya Casilda. Duk shekara, ranar da ta rasu, mijinta Don Anselmo kan zo da sandarsa a sa masa ita.

Da gidan ya samu babbar kwamfuta, irin wadda ake gina ƙananan kwamfutoci a cikinta, Remberto ya gina uku: ta watsa shiri, ta muryoyi, da ta kwafi.

Faifan ajiya biyu ne a cikin babbar kwamfutar. Abin da ya kamata shi ne duk abin da ya shiga ɗaya ya shiga ɗayan. Shi kuwa gogan naka, don wuri ya yi yawa, sai ya haɗe su suka zama rumbu guda, kowace murya rabi nan, rabi can.

Doña Felisa, shugabar gidan, ta leƙo. "Injiniya, tsofaffin kaset ɗin nan sun cinye mana ɗaki."

"A zubar, Doña. Komai na ciki, har da kwafi."

"Kwafin yana ina?"

"Yana ciki mana. Ke dai ji da makirufo, ki bar min injina."

Ranar Talatar bikin sa wa kayan sana'a albarka aka yi wa kwamfutar ado da furanni da takardu masu launi, kamar kowane kayan aiki. Washegari motar shara ta tafi da kaset.

Wata safiya faifai ɗaya ya fara ƙas-ƙas kamar ɓera a buhu. Kwamfutocin uku suka ɗauke tare, har da mai kwafin. Remberto ya kashe ya kunna, ya sake kashewa ya kunna, ya sa injin ya gyara kansa. Duk sanyin El Alto, gumi yake yi.

Da abin ya gagara, ya gangara birnin La Paz wurin Nélida, mai ceto bayanai daga matattun faifai.

"Ɗan'uwa, sau nawa ka kunna shi bayan ya fara kuka?"

"Sau biyu."

"Da kashewa ka yi ka kawo min, da akwai magana. Yanzu ka kankare shi da hannunka."

"Ɗayan fa? Lafiyarsa ƙalau."

"Lafiyarsa ƙalau, amma rabin kowace kalma gare shi. Me zan yi da rabin kalma?"

Ɗan abin da ta ceto bai taka kara ya karya ba, kuma babu Casilda a ciki.

Ya koma ya sake gina komai yadda ya dace: faifai biyu masu ɗauke da abu ɗaya, kwafi a wani injin daban a gidan Doña Felisa, ya kuma gwada dawo da shi ya ga yana dawowa. Rediyo ya dawo aiki. Amma ba abin da ya rage a adana. Aka yi cigiya a rediyo ko wani ya taɓa ɗaukar waƙar, ba a samu ba. Abin ya ci Remberto ƙwarai, kuma ba wanda zai ɗora wa laifi.

Da ranar rasuwar Casilda ta zagayo, Don Anselmo ya shigo ya cire hula. Remberto ya tare shi da kansa.

"Baba, waƙar ba ta nan. Ni na ɓatar da ita."

Tsohon ya kalli injin. "Ba za ka ƙara dubawa ba, ɗana?"

"Na duba ko'ina, Baba."

"To kunna min abin maganar. Ni zan yi."

Ya fara rerawa. Da ya kai tsakiya sai ya tsaya. Ya sake daga farko, ya tsaya a wuri guda.

"Daga nan Casilda ke karɓa," in ji shi. "Ban taɓa koyon nata ɓangaren ba."

Darasi: Kwafin da ke zaune a inji ɗaya da asali ba kwafi ba ne. Kada ka zubar da tsoho sai ka gwada sabo, in faifai ya fara kuka ka kashe shi, kuma kada ka raina mai tambaya. Ku tura wa duk wanda aka damƙa wa amanar ajiya.