Telan da Ya Goge Muryar 'Yarsa

Akwai wani tela, mutum mai baƙar zuciya, wanda ko ƙannensa ba sa zama inuwa ɗaya da shi. Kowa Yaya yake ce masa, don shi ne babba a gidan.

'Yarsa guda ɗaya ce a duniya. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake kiranta Mamana. Zazzaɓi ya ɗauke ta tun ba ta shiga firamare ba. Bayan an share makoki ya miƙa wa Auta, ƙanwarsa mai karatu a jami'a, wayarsa da ta matarsa.

"Goge min duk hoto da bidiyon yarinyar nan. Ba na son gani."

Auta ta goge, amma sai da ta fara kwashe komai ta zuba a kwamfutarta, ba ta gaya wa kowa ba. Ta san ranar nema za ta zo.

Ta kuwa zo. Wata rana matarsa ta ja Auta kicin ta ce, "Yayanki fa ya ce ya fara manta muryar Mamana. Jiya har da hawaye." Auta ta ce a bari ta gama jarabawa, za ta haɗa masa bidiyoyin da ta ajiye wuri guda ta kai masa.

To, shi Yaya ya tsani kwamfutar nan kamar me. Babansu ne ya saya wa Auta, shi kuwa ko allura bai taɓa saya masa ba. In ya gan ta a kai sai ya ce, "Sannu Farfesa, a gaida masu boko."

Ranar da abin zai faru, Auta ta jona kwamfutar a soket ɗin falo tana sabunta tsarinta. Batirin ya daɗe da mutuwa, sai da wuta take aiki. Ta ce, "Yaya, don Allah kar a cire. In ta ɗauke a tsakiya ba za ta tashi ba."

Tana shiga wanka ya zare cajar, ya jona dutsen guga. Ga wani soket nan a bayan kujera, wallahi yana kallonsa!

Auta ta fito ta danna, ta sake dannawa. Kwamfuta ta kawo haske, ta yi ta juya ɗan zobe, ta koma baƙi ƙirin. Ta zauna a ƙasa tana kuka, ga lokacin jarabawa ya yi.

Yaya ya sassauta murya. "Haba Auta, meye na kuka? Je ki, ni zan kai miki gyara." Har godiya ta yi masa, baiwar Allah.

A shago, mai gyara ya kunna ta da wani filashi, ya leƙa ciki ya ce, "Da sauƙi, maigida. Tsarin ne ya karye a tsakiya, amma kayan ciki suna nan lafiya. Zan kwashe su gefe, in ɗora sabo, in mayar. Ka dawo gobe."

"Goge komai ka ɗora yanzu."

"Akwai aikin makaranta fa, ga kuma bidiyoyi da yawa. Bari in buɗe maka ka gani."

"Ba kallo na zo ba. Mai ita ce ta ce a goge. Shara ce."

Shi a ransa aikin kammala karatunta yake hari. Yana tsaye aka share komai. Don mugunta har ya sa aka cika ta da finafinai, wai kar Farfesa ta yi kaɗaici.

Da yamma ya ajiye mata a gaban kowa yana murmushi. "Ga ta ta tashi. Sai dai an ce komai ya tafi. Sai haƙuri, a sake sabon rubutu."

Auta ta ce, "Aikina ai na tura wa malamina tun jiya." Sai ta jawo kwamfutar ta hau dubawa. "Yaya, Mamana na ciki. Kafin in goge a wayoyinku, na ajiye maka a nan. Har wanda take maka waƙa a kan keken ɗinki."

Matarsa ta ɗora hannu a ka ta fasa ihu.

Ko takalmi bai tsaya sawa ba. Mai gyara na shirin rufe shago ya faɗo masa yana roƙo. Mutumin ya ce, "Ai na ce ka bari in nuna maka. Da gogewa kaɗai aka yi, da akwai fata. Finafinan nan sun hau kai sun danne."

Duk da haka ya yi iya ƙoƙarinsa. Bidiyo guda ya tono, shi ma gutsure. Ga Mamana a kan keken ɗinki, tana kaɗa ƙafa, tana kallon babanta, bakinta na motsi.

Babu sauti.

Yaya ya ƙure lasifika, ya manna kunnensa a jiki. Mai gyara ya ce, "Muryar ba ta fito ba, maigida. Ba kuma za ta fito ba."

Matarsa ba ta yafe masa ba. Shi kuwa kullum yana shago da waya a hannu, ɗinkin mutane a jibge, yana kallon bakin 'yarsa yana ƙoƙarin tuno waƙar.

Darasi: In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere, domin ba ka san abin da ɗan'uwanka ya ajiye maka a cikin abin da kake son rusa masa ba. Ku tura wa 'yan'uwa, ko Allah zai sa wani mai ƙullin hassada ya janye hannunsa tun kafin ya danna.