Kocin da Ya Yi Ado da Tabonsa

Akwai wani mutum a wata ƙasa mai nisa, ƙaƙƙarfa ne tun yana saurayi, sana'arsa kuwa ƙwallon Amurka. Wannan wasa ba irin tamaular da muka sani ba ce. Ƙwallon doguwa ce kamar gwanda, rungumar ta ake yi a ruga da gudu, 'yan wasa kuma suna sa hular kwano saboda karo. A sahun gaba akan jera ƙarti waɗanda aikinsu shi ne su tare abokan hamayya da ƙirjinsu, domin mai ɗauke da ƙwallo ya sami hanya. Mutumin nan yana cikinsu.

Wata rana ana tsakiyar wasa gwiwarsa ta gurɗe. Ya ɗingisa zuwa wurin kocinsu ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙafar nan ba ta ɗaukata." Kocin ko kallonsa bai yi ba, ya ce, "A ɗaure masa, ya koma." Ya koma, gwiwar ta ƙarasa lalacewa. Likitoci suka tsaga ta suka ɗinke, wasansa kuwa ya ƙare ke nan. Yana kwance a asibiti ya yi kuka mai zafi, ya yi wa Allah alkawari cewa in har aka danƙa masa 'ya'yan mutane, ba zai yi wa ko ɗaya abin da aka yi masa ba.

Allah kuwa ya ji shi. Ya fara da horar da 'yan makaranta, daga nan ya yi ta hawa har ya zama kocin babbar ƙungiyar garinsu. Amma kai, ɗan Adam! Da nasara ta fara zuwa, ana ta kiran sunansa a rediyo, sai ya mai da tabon nan abin ado. In ɗan wasa ya ce jikinsa na ciwo, sai ya naɗe ƙafar wandonsa ya nuna masa ɗinkin, ya ce, "Da wannan na ƙarasa wasa. Kai me ya same ka?" Bai taɓa gaya musu kukan da ya yi a asibiti ba.

Cikin ƙartin sahun gaba akwai wani saurayi mai suna Habila, ɗan wata gwauruwa, shi kaɗai gare ta. Da kanta ta kawo shi wurin kocin ta ce, "Malam, ga amana."

Ranar wasan cin kofi aka yi wani mummunan karo, Habila ya bugu a kai. Ya miƙe yana tangaɗi, har ya nufi wajen abokan hamayya, yana tsammani nasa ne. Aka janyo shi gefen fili. Likitan ƙungiya ya duba idanunsa ya ce wa kocin, "Kada yaron nan ya koma. In ya sake buguwa a kai, ba ruwana."

Kocin ya dubi kofin da aka ajiye a kan tebur yana ƙyalli, ya dubi Habila. Kada wani ya ce ya manta da alkawarinsa. Ya tuna sarai, har gwiwarsa ta yi masa tsami a lokacin. Duk da haka ya sunkuya, ya naɗe ƙafar wandonsa. Habila ya kalli tabon, kunya ta kama shi, ya ɗauki hularsa ya koma fili. Aka ci kofi, amma Habila ya sake buguwa a kai, a kan gadon marasa lafiya aka fitar da shi.

Al'adar wasan ce, in an yi nasara koci yakan ba da ƙwallon da aka yi wasa da ita ga wanda ya fi ƙoƙari. Bayan an sallami Habila daga asibiti, sai kocin ya ɗauki ƙwallon ya tafi gidansu, yana ganin ya yi abin kirki. Ya tarar da shi zaune a tabarma, uwarsa tana ba shi kunu a baki, gama hannunsa rawa yake yi. Ya miƙa masa ƙwallon. Habila ya dube shi, ya juya ya ce, "Mama, wane ne wannan?"

Gwauruwar ta ajiye kwanon ta ce, "Malam, an ce kana da tabon da kake nuna wa yara. Da wanda bai san zafin ba ne ya yi mini haka, da na ce jahilci ne. Kai fa ka sani. Ɗauki ƙwallonka, ni ɗa na ba ka."

Ma'anar misalin nan a fili take, 'yan'uwa. Kocin shi ne duk wanda ya sha wuya a hannun na gaba da shi, Allah ya ɗaga shi, sa'an nan ya juya yana shayar da na ƙasa irin wuyar. Tabon shi ne maganar da muke yi da alfahari: "Ai mu ma haka aka yi mana." Maigidan gareji yana faɗar ta sa'ad da yake hana yaransa abinci. Uba yana faɗar ta da bulala a hannu. Har a cikin ikkilisiya dattawa suna faɗa wa matasa ita, abin takaici! Habila kuwa shi ne kowane rai da aka ba ka amana.

Ubangijinmu Yesu ma yana da tabo a hannuwansa, amma bai taɓa nuna shi don ya tura wani cikin wahala ba. Ya sha wuyar ne domin mu tsira. In Allah ya bar ka da tabo, ya bar maka shi ne don ka gane mai ciwo tun daga nesa, ka ce masa, "Zauna, ɗana, ya isa." Ranar da Mai amana zai tambaye ka wanda ya danƙa maka, ba zai karɓi kofi a madadinsa ba.