Muryar Da Ba Ta Numfashi

Ya 'yan uwa, ku gyara zama. An yi wani mutum, ba a wani zamani mai nisa ba, wanda Allah ya yi wa baiwar kunne. Sana'arsa haɗa kiɗa da ɗaukar muryar mawaƙa. Sunansa na yanka ya ɓace, kowa Mai Kunne yake ce masa, domin ko miyau mawaƙi ya haɗiya a inda bai kamata ba, shi ya ji.

Situdiyonsa ɗaki ne guda a saman shagon masu facin taya. An manna soso da kwalayen ƙwai a bango, an raba ɗakin da gilashi. Ciki makirfo, waje kwamfuta da kujerarsa mai juyawa wadda hannunta ɗaya ya karye. Ba a kunna fanka in ana ɗauka, duk wanda ya shiga sai ya yi wanka da gumi. Amma da haka mawaƙa suke yin layi a matakala.

Yana da ɗan yayarsa, maraya, ana ce masa Auta. Ranar da uwar ta kawo shi, abin da ta ce ke nan: “Ga amana. Ni ban san waƙa ba, kai na sani.”

Ya riƙe shi, ya koya masa yadda ake tsayawa gaban makirfo da yadda ake saurare. Yakan ce masa, “In kana son gane aikin ɗan koyo, saurari numfashi. Mai rai sai ya ja iska kafin ya yi magana. Duk inda ka ji magana ta hau magana babu numfashi, to almakashi ya bi ta wurin.”

Auta ya tashi da murya mai zaƙi. Ya kuma samu wata yarinya mai ɗinki a bakin titi, suka shirya kansu, iyaye suka shiga maganar, har an fara zancen sa rana. To a nan gizo yake saƙar. Auta ya rubuta waƙar rabuwa, ta wanda masoyiya ta gudu ta bari, alhali shi ko harara ba a taɓa yi masa ba. Sai ya shiga bayan gilashi yana rera baƙin ciki, bakinsa har kunne.

Mai Kunne ya riƙa tsayar da shi. “Sake. Ina jin murmushi a ciki. Wannan muryar wanda ya ƙoshi ce.”

“Kawu, to kuka zan ara?” in ji Auta, yana dariya.

Aka sake, aka sake, har makonni suka shuɗe. Mai Kunne ya tabbata waƙar nan ita ce za ta fitar da sunansa daga wannan ɗaki mai warin taya, in da za a samu ciwo na gaskiya a cikinta. Sai ya ce a ransa, tunda yaron ba shi da ciwo, ni zan yi masa.

Kun ji inda Shaiɗan yake shigowa? Ba ya zuwa da ƙaho. Da shawarar aiki yake zuwa.

Dama mai ɗinkin ta taɓa zuwa situdiyon ta ɗauki tallar shagonta, wadda ake sawa a rediyo. Da aka gama ta zauna suna hira, tana ba shi labarin tsohon kekenta da ya ishe ta da sabon da ta saya, tana zancen Auta cikin kunya. Makirfo a kunne yake, ita ba ta sani ba. Wannan hirar ya buɗe. Ya yanko suna daga nan, ya yanko ƙorafi daga can, ya jera su kamar mai jera bulo, har muryar yarinyar ta ce: “Auta? Na gaji da shi. Haƙuri kawai nake yi. Na samu wanda ya fi shi.”

Ya san babu numfashi a ciki. Ya ce wanda aka soka a zuciya ba ya tsayawa sauraron numfashi.

Da safe ya sa Auta ya shiga bayan gilashi, ya kunna makirfo, sannan ya ce, “Ɗana, wani ya turo mini wannan. Wai yarinyar nan taka ce ta aika wa ƙawarta. Na rasa yadda zan ɓoye maka.” Ya sakar masa a kunne. Yana kallon fuskar yaron tana canzawa, bai ko ba shi ruwa ba, ya saki kiɗa.

Auta ya rera. Da ya zo inda yake cewa kujerar da na ajiye miki har yau babu kowa, sai muryarsa ta tsage. Mai Kunne ya lumshe ido don daɗi. Ɗan yayarsa yana kuka a bayan gilashi, shi yana gyara sauti.

Ya yi wa kansa alkawari, da zarar waƙa ta fita zai ce wasa ne, a sasanta. Amma wa ya taɓa ganin ƙarya ta tsaya inda aka ajiye ta? Da ya zo haɗa waƙar sai ya ga saƙon ya dace da farkonta, ya manna shi a can. Auta, da zuciya ta ɗebe shi, ya ce a sa, kowa ya ji.

Waƙa ta fita, ta kama kamar wutar daji. Shagon aski ita, motar haya ita, masu gyaran waya ita. Kada ku sunkuyar da kai, ni ma ina da kunne, na san abin da ke cikin wayoyinku. Kuma duk wanda ya saurara sai ya fara da muryar yarinyar nan, muryar da kowa ya sani a tallar rediyo.

Masu kawo ɗinki suka janye. 'Yan mata suka riƙa wucewa ta gaban shagon suna kwaikwayon “na gaji da shi”. Iyaye suka watse da maganar aure. Yarinyar ta rantse wa Auta, ya ce, “Muryarki ce ko ba muryarki ba ce?” Ta ce, “Muryata ce, amma ba maganata ba ce.” Ta ce masa a ɗakin kawunsa kaɗai ta taɓa yin zancen gajiya, kuma da keke take. Ya ce bayan cin amana har da yi wa wanda ya raine shi ƙazafi? Ya kashe waya.

Ba ta rufe shago ba. Kullum sai ta buɗe, ta zauna a kan keke, ana kunna waƙar a tsallaken titi tana ɗinka kayan ƙannenta. Ran nan da rana tsaka ta hau matakalar situdiyo, ta tsaya a bakin ƙofa.

“Baba, ni da kai mun san abin da na faɗa a ɗakin nan. Ka faɗa masa gaskiya.”

Ya juyo da kujera. “Ke yarinya, kafin waƙar nan wa ya san ki? Jiya ɗinki kike yi wa unguwa, yau duniya ta san muryarki. Godiya ya kamata ki yi.”

“Ba zan roƙe ka ba,” in ji ta. “Na bar ka da Wanda ya ba ka kunnen.”

Ya yi dariya har da buga cinya. A ganinsa aikinsa ya wuce a gane. Yayarsa ma ta kira shi, ta ce yaron nan ba ya cin abinci, ya rame, kuma zuciyarta ba ta kwanta da zancen nan ba. Ya ce, “Yaya, zinariya sai da wuta. Ki bar ni da aikina.”

To, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Aka shirya babban taron da Auta zai rera waƙar a gaban jama'a. Da hantsi suka je gwaji a zauren, babu kowa sai kujeru da manyan lasifika. A kan dandali babu gilashi, babu Kawu mai ɗaga hannu ya ce shiga. Dole mawaƙi ya kama lokacinsa da kunnensa. Sai Auta ya ce bari ya saurari inda take jan numfashi kafin kalmarta ta ƙarshe, ya ja nasa tare da ita. Aka saki muryarta. Ya jira, bai ji ba. Ya ce a maimaita. Ya sake jira. Daga farkon saƙon har ƙarshensa, yarinyar ba ta ja iska ko sau ɗaya ba.

Ya sauko daga dandali a hankali, ya tsaya gaban kawunsa.

“Kawu, ba ta numfashi.”

Kuna tsammanin ya sunkuyar da kai? Ina! Miƙewa ya yi. “To sai me? Ni na yi. Da ba don ni ba, har yau kana bayan gilashi kana washe baki. Mace ka rasa, mata sun ƙare ne? Waƙa irin wannan sau ɗaya ake yi. Ko gobe aka dawo da ni, haka zan sake.”

Auta ya juya masa baya. Ya ajiye makirfo a kan kujera, ya fita. Ba a yi taron ba. Washegari ya je gidan rediyon da ya fara sa waƙar, ya faɗi yadda aka yi tun daga tushe, ya sa aka kunna saƙon, ya ce jama'a su saurara su gani ko za su ji numfashi.

Daga can ya wuce shagon mai ɗinki, ya durƙusa. Ta tsayar da keke ta dube shi. “Na yafe maka don Allah. Amma ka san muryata, ni ce ba ka sani ba. Ka tashi, hanya ta rabu.” Ta ci gaba da ɗinkinta. Auta bai ƙara waƙa ba.

Yanzu ku ji yadda alhaki ya biyo mai shi. Ba a kama shi ba, ba a doke shi ba. Kowane mawaƙi ne ya zauna ya tuna abin da ya taɓa faɗa a ɗakin nan makirfo a kunne. Suka zo ɗaya bayan ɗaya, suka tsaya a kansa ya goge muryoyinsu, suka sauka ba sallama. Matakala ta zama wayam.

Abin bai tsaya nan ba. In ya doso majalisa sai hira ta mutu. Maƙwabta suka koma gaishe shi da ɗaga hannu. Mai kanti ya riƙa nuna masa kaya da yatsa. Matarsa ta koma amsa masa da kai, in ta ga waya a hannunsa sai ta bar ɗakin. Wa zai ba shi murya ya je ya yanka? Mutumin da kunne ne arzikinsa, ya wayi gari babu mai yi masa magana. Abin da yake ji kawai waƙar nan, tana tasowa daga shagon masu facin taya.

Duk da haka bai sauko ba. Shi kaɗai yake zama a kujerarsa yana cewa, “Su yi ta shirunsu. Waƙar dai ta yi daɗi, kuma suna ji.”

Sai yayarsa ta kwanta ciwo. Ya je asibiti da ledar lemo, ya zauna a gefen gado. Ya ce, “Yaya, ya jiki?” Ta dube shi, ta juya fuska bango. Ana ta ba shi baki ya ce ya tuba, ya ce shi bai ga abin tuba ba, ai ɗanta ya ɗaukaka. Ya yi ta zarya. Tana magana da ma'aikaciyar jinya, tana magana da Auta, shi kuwa da ya shigo sai ta rufe baki. A haka rai ya yi halinsa, kalma ɗaya ba ta haɗa su ba.

Bayan an share makoki ya koma situdiyo. Akwai tsofaffin saƙonnin muryarta a wayarsa, na gaisuwa da aike da faɗan 'yan uwantaka. Ya zuba su a kwamfuta. Ya samo “na” a wani, ya samo “yafe” inda take zancen wata maƙwabciya, ya samo “maka” inda take cewa ta ajiye masa abinci. Ya jera. Wannan karon har numfashi ya nemo ya sa, ya daidaita gaɓoɓin da duk gwanintarsa. Ya kunna, muryar yayarsa ta ce, “Na yafe maka.”

Da ni ko kai ne, da mun yarda. Amma shi Mai Kunne ne. Ya ji inda almakashi ya bi. Ya sake gyarawa, ya sake ji. Masu facin taya suka ce haka suke wuni suna jin muryar matar nan ta taga, tana faɗa, ana tsayarwa, tana sake faɗa. Ya ruɗi gari guda, ya kasa ruɗin kunnensa. Har mai gidan ya karɓe ɗakin yana kan wannan gyaran.

Ya 'yan uwa, ina amfanin baiwar da aka sare amana da ita? Kada wani ya ce ai ni ba ni da situdiyo. Wayar da ke aljihunka situdiyo ce, harshenka kuma almakashi. Duk ranar da ka yanko rabin maganar ɗan uwanka ka kai wa wani, ka bar sauran, aikin Mai Kunne ka yi. Duk wanda ya tura abin da bai tabbatar ba, ya taya shi. Hawayen wani ba kayan sana'a ba ne. Kuma yafiya ba a haɗa ta da na'ura. Wurin mai rai ake nemanta, da ƙanƙan da kai, tun yana numfashi. In akwai wanda ka raba da wani, ka tashi daga nan ka nufi gidansa.

Allah ya tsare mana harsunanmu da kunnuwanmu, ya raba mu da taurin kan da ke hana tuba, kada ya ɗauki ranmu da haƙƙin wani a wuyanmu. Allah ya kiyaye mu.