Raunin da Yarima Ƙaswar Ya Ɓoye

A wani zamani mai nisa, can gabas da Tekun Gishiri, an yi wani sarki mai suna Mundir, wanda ya mulki Birnin Zarnaj har gemunsa ya yi fari fat. Ɗa namiji guda Allah ya bar masa, Yarima Ƙaswar, saurayi mai faɗin ƙirji wanda ba a taɓa jin ya ce wash ba. Ana nan sai wani ifritu mai suna Darhabu ya toshe idon ruwan da ke shayar da birnin, can bayan hamada. Kogi ya ƙafe, dabino ya bushe, mata suka koma tonon yashi da ƙwarya. Yarima ya durƙusa gaban mahaifinsa ya nemi izinin fita. Sarki ya sa masa albarka ya ce, "Allah ya tsare, ɗana."

Ƙaswar ya keta hamadar da yashinta ke kuka kamar jarirai, ya wuce kwarin tsuntsaye masu fuskar tsofaffi, da dajin da itatuwansa ke bin matafiyi da ido, har ya iske ifritun kwance a kan dutsen da ya danne ruwan.

Darhabu ya ce, "Ya kai ɗan Adam, wa ya tsane ka haka, ya aiko mini da ƙashinka in yi sakace?"

Ƙaswar ya ce, "Ya kai la'ananne, ƙishirwar mutanena ce ta aiko ni. Tashi, don ba na saran wanda ke kwance."

Suka gwabza tun hantsi har rana ta yi sanyi. Daga ƙarshe Yarima ya shammace shi ya raba kansa da wuyansa, amma kafin ifritun ya faɗi sai da ya kafa masa farce a cinya, ya tsaga ta har kusa da ƙashi. Dutse ya mirgine, ruwa ya ɓalle ya nufi Zarnaj.

To, jaruman Zarnaj suna da wata al'ada tun kaka da kakanni. Jarumi ba ya nuna rauninsa ga kowa. Yakan ɗebi ƙasar fagen fama ya cusa a ciki, wai ƙasar da ta sha jininsa ita za ta mayar masa da shi, sannan ya ɗinke bakin da kansa ya rufe da tufa. Haka Ƙaswar ya yi. Ya ɗebi ƙasar nan wadda ta cakuɗe da jinin ifritu da kashin doki, ya danna, ya ɗinke da gashin wutsiyar dokinsa, ya hau ya juyo gida.

Bai yi nisa ba cinya ta kumbura, ta yi ja, tana zafi kamar an ɗora mata garwashi. Kaluluwa ta fito masa. Ƙudaje suka fara bin sirdinsa, shi kuwa yana cewa a ransa warin doki ne.

A haka ya shiga Birnin Shamharan na matsafa, inda ake sayar da iska a tulu da barci a kwalba. Babban bokansu ya tare shi ya ce, "Ɗan sarki, ba sai ka kwance wando ba, na san al'adarku." Ya shafa masa wani mai ta bisa tufa. Nan take fata ta haɗe sumul kamar ta jariri. Yarima ya yi murna ya yi godiya. Amma abin da ke ciki yana nan, ƙofar fita kawai aka rufe masa. Zazzaɓi ya sauko, haƙoransa suna kaɗawa a tsakiyar rana, ƙafar ta yi nauyi kamar turmi. Ya daina sanin gabas da yamma. Dokin ne ya yi ta tafiya da shi, har ya zube a ƙofar Birnin Marjan.

Da ya farfaɗo sai ya gan shi a wani dogon ɗaki mai tagogi, majinyata jere a kan gadaje, tukwanen ruwa suna tafasa a tsakar gida, fararen tsummoki shanye a rana. Wata mace tana tsaye a kansa, ta naɗe hannun riga. Ita ce Gimbiya Lubaba, 'yar sarkin garin, wadda ta zaɓi gidan jinya a kan zaman fada.

Ta ce, "Baƙo, zan buɗe cinyar nan."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ni ne Ƙaswar ɗan Mundir, wanda ya kashe Darhabu. A garinmu ba a ganin raunin jarumi."

Ta ce, "Ba a gani, amma ana ji. Tun daga zaure hancina ya gaishe ka. Dubi jan layin nan da ke hawa zuwa mararka. In ya kai ciki, ba ni ba, ko duk masu maganin duniya sai dai su yi maka addu'a. Zaɓi: ko in gani yau, ko masu wankan gawa su gani."

Ƙaswar ya juya fuska ga bango. Ya tuna mahaifinsa tsoho da ke zaune a Zarnaj yana kallon hanya. Ya gaji ƙwarai, gajiyar da ko kunya ba ta da wurin zama a cikinta. Ya ce, "Buɗe."

Ta wanke hannunta har gwiwa, ta tsamo aska daga tafasasshen ruwa, ta yi masa sakiya. Mugunya ta ɓalle, da baƙar ƙasa, da guntayen gashin doki. Ranar ce jarumin Zarnaj ya yi ihun da tantabaru suka tashi daga kan soro. Ta yanke ruɓaɓɓen nama, ta wanke ramin da ruwan gishiri da aka tafasa ya huce, ta zuba zuma, ta sa tsumma mai tsabta sakwa-sakwa.

Ya ce yana haki, "To, ɗinke."

Ta ce, "Ba zan ɗinke ba. Irin wannan daga ƙasa yake cikowa. In aka rufe baki kafin ciki ya warke, gidan jiya za a koma."

Nan ne wahalar da ta fi ta ifritu ta fara. Kullum safe a kwance, a wanke, a sake tsumma. Kullum a dura masa romo da ƙwai da nono, yana ci yana tsaki. Damina ta zo ta same shi kwance. Wata rana ya lallaɓa zai hau doki, raunin ya yi jini, Gimbiya ta sa aka mayar da shi, ta ce, "Kai da ka kashe aljani, kwanciya ta gagare ka?"

Ya ce, "Aljanin bai yi mini rabin abin da kike yi mini ba."

Ta ce, "Shi so yake ka mutu, shi ya sa ya yi sauri."

Sannu a hankali zazzaɓi ya tafi, kumburi ya saɓe, wari ya ɗauke. Sabon nama ja kamar 'ya'yan rumman ya riƙa tasowa daga ƙasan ramin. Da ƙaiƙayi ya zo ta buge hannunsa ta ce, "Kar ka sosa, albishir ne." Ranar da ya taka ƙafar ya kai bakin ƙofa, ya nemi aurenta wurin mahaifinta, aka ba shi.

Suka iso Zarnaj kogi na gudu, dabino ya yi kore, Yarima yana ɗan ɗingishi. Aka taru a fada za a naɗa shi, domin Sarki Mundir ya tsufa, jira ya ƙarasa cinye shi. Amma kafin a kawo rawani sai tsohon ya sauko daga karaga ya ce, "Ɗana, nuna mini raunin."

Fadawa suka sunkuyar da kai. Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, al'ada..."

Sarki ya ce, "Ƙannena duka da nasara suka dawo, Waziri, kowa da rauninsa a ɓoye. Ni na bi su makabarta ina toshe hanci."

Ƙaswar ya yaye tufa a gaban jama'a. Tabo ne dogo, mummuna, busasshe. Sarki ya durƙusa da ƙyar, ya danna gefensa da yatsa, ya kai hancinsa ya sunsuna, ya sake sunsunawa. Sannan ya zauna daɓas a ƙasa, ya sauke numfashi, ya ce, "Alhamdu lillahi. Ku naɗa shi. Ni zan je in kwanta."