Sunan Wa Za A Raɗa Wa Jaririyar?

Ku ajiye wayoyin nan ku matso. Jibi suna a gidanmu, rago na ɗaure, har yanzu babu sunan da za a raɗa. Ɗana Sama'ila, uban jaririyar, ya ce, "Inna, tsakanin mata uku ne, ke za ki zaɓa." Zan faɗa muku abin da kowacce ta yi, sau ɗaya, ba na maimaitawa.

Kun san Zulai, babbar 'yarsa. Tana da shekara bakwai ciwon kai ya kama ta, ga amai da safe, idonta ɗaya ya fara karkacewa. Aka sha maganin zazzaɓi har aka gaji. Ni da bakina na ce daga dangin uwarta Uwani abin ya fito.

Ta farko Hansai ce, autata, goggon yarinyar. A babban asibitin birni likita ya ga wasu tabbai masu ruwan ƙasa a bayan Zulai, ya tambaya ko akwai mai irinsu a dangi. Muka ce babu. Ƙarya muka yi. Hansai tana da su tun haihuwa, har da ƙananan ƙulutai, marigayi babanta ma haka. Ni na koya mata rufewa. A lokacin saura wata biyu bikinta, an riga an kawo lefe. Ta dube ni ta ce, "Inna, ki yafe ni," ta juya wa likita baya ta ɗaga rigarta. Ranar aka tura mu hoton ƙwaƙwalwa, aka ga ƙari. Likita ya ce cutar gado ce, ba a cika ganinta ba, kuma da an ƙara jinkiri da idon ya tafi, wataƙila har rai. Labari ya iso gari. Dangin saurayin suka zo suka kwashe akwatunansu. Hansai da kanta ta taya su ɗorawa a mota, sannan ta wuce ɗakin Uwani ta ce, "Yaya, jininmu ne, ba naku ba." Ni sai bayan kwana uku na iya shiga ɗakin nan.

Ta biyu Ladidi ce, maƙwabciya, ba mu haɗa ko kaka ba. Da aka sa ranar yi wa Zulai aiki, Uwani tana goyon Hamisu ɗan wata huɗu, asibiti kuma ba a yarda da jariri a ɗakin jinya ba. A lokacin mata suna janye 'ya'yansu daga ƙofarmu, wai ana ɗauka. Ladidi ta shigo da nata goyon a baya, ta ɗauki Hamisu ta ba shi mama a tsakar gida, kowa na kallo. Ta ce, "Uwani, tafi. In na ji kin dawo saboda wannan ɗan rigimar, ni da ke ne." Kwana hamsin tana shayar da biyu, ta rame har zaninta yana zamewa. Tukunyarmu ba ta kwana a kife ba, ita ke dafa mana. Da ba ita ba, dole Uwani ta zaɓi ɗaya a cikin 'ya'yanta.

Ta uku Tabawa mai kitso. Zulai ta dawo kanta a aske, ga ɗinki daga kunne zuwa ƙeya, hannun hagu kamar ba nata ba. Likita ya ce sai ana motsa shi kullum, in ba haka ba zai sandare. Yarinya ta ƙi. Ta juya fuska bango, ko kunu ba ta karɓa. Na yi faɗa, na yi lallashi, duk banza. Wata safiya Tabawa ta shigo ta tsefe kanta, ta zauna a ƙasa ta ɗora shi a cinyar Zulai, ta ce, "'Yar nan, duk garin nan ni ke yi wa mutane, ni babu mai yi mini. Ki taimaka." Kitson farko ko akuya ba za a yi wa ba. Tabawa ta fita da shi haka har gidan biki, ba ɗankwali. Aka yi mata dariya, amare suka koma wurin wata. Duk wanda ya tambaya sai ta ce, "Sabon yayi ne, sai a gidan Sama'ila." Wata bakwai tana zuwa kowace safiya. Yau Zulai da hannun nan take ɗaukar tulu.

Ba a ce ta warke gaba ɗaya ba. Duk wata shida ana mayar da ita hoto. Jaririyar nan ma jiya Hansai ta juya ta tana duba bayanta, ba ta ga komai ba, ta zauna tana kuka.

Na tambayi Zulai, ta ce a sa duka ukun. Na ce liman ba zai raɗa kasuwa a kunnen jaririya ba.

Ɗaya ta tona asirinta aka gano cutar. Ɗaya ta raba nononta uwa ta samu zama wurin jinya. Ɗaya ta ba da kanta yarinya ta tashi. Kada wanda ya ce mini duk ɗaya ne, rago ɗaya na ɗaure. To, tsakanin Hansai, Ladidi da Tabawa, wace ce ta fi cancanta a yi mata takwara?