Filin da Ba a Jin Hon

Motocin haya sun cushe gari, sai Ciyaman na ƙaramar hukuma, Alhaji Tanimu, ya tara direbobi a ofishinsa.

Ya ce, "Ku nemo filin sabuwar tasha a tsakiyar gari, inda ko mota ɗari ta danna hon ba mai ji. In Juma'a ta yi ba ku samo ba, kowa ya koma lodi a bayan gari."

Abin ya dami direbobi, don fasinja ba zai bi su daji ba. Sai Malam Talle, tsohon direban bas, ya gyara zama.

"Ranka ya daɗe, ai filin yana nan."

"Ina?"

"Harabar ofishin nan naka."

"Haba Malam Talle! Nan ne ba a jin ƙara?"

"To, shekara uku muna ihu a ƙofar nan a gyara mana tsohuwar tasha. Ka taɓa ji?"

Ciyaman ya auna maganar. In ya ji, me ya hana gyara? In bai ji ba, fili ya samu.

Can ya fashe da dariya. "Ku bar min harabata. Litinin za a fara gyaran."